Tafiyar Mai Hular Kwano

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau labarin kaina zan ba ku, kuma duk wadda ta san za ta yi mani dariya ta yi tun yanzu ta huta. Sunana Suwaibatu, ɗiyar Malam Ɗanliti manomi a Ketare. Abin ya faru ne shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, lokacin da kuɗin mai suka fara gangarowa har ƙauye. Gidan da jiya bunu ne, yau rufin kwano ke ƙyalli a kanshi, samari kuwa kowa burinshi babur da rediyo a kafaɗa. Ina da shekara goma sha tara, na iya keken ɗinki, kuma a ganin dangi na daɗe a gida.

Ina da wani hali tun ina ƙarama. In mutum ya gifta ta gabana, tafiyarshi takan tsaya mani a ido na ɗan lokaci, kamar yadda in ka kalli fitila ka rufe ido kake ci gaba da ganinta. In na tashi nan take na kwaikwaya, sai ta zauna a jikina. In kuwa na bari aka ja ni da magana, ko na juya na kalli wani, shi ke nan ta zube. Kuma ba duka nake kamawa ba, abu biyu ne, in ya yi yawa uku. Kakata Dada, mahaifiyar Baba, ita ce babbar 'yar kallona. Ko mai tallan daddawa ce ta fita daga gidanmu sai ta ce, "Suwaiba, maza yi mani ita tun ba ta huce ba."

To a lokacin ina da mai nema, Mamuda, ɗan Alhaji Barau na Ƙanƙara. Alhaji abokin Baba ne tun suna kiwon awaki, sai Allah ya ɗaga shi ya samu kwangilar gina azuzuwa. Mamuda ba shi da wani laifi, ku ji ni da kyau. Yakan zo da la'asar cikin farar Fijo, da wando mai faɗin baki yana sharar ƙasa, da takalmi mai tudu kamar an ɗora shi kan turmi biyu. Hirarshi kuwa duk ta siminti ce.

"Suwaibatu, kin san yanzu ko da kuɗinka sai ka bi layi kafin ka samu buhu?"

Ni kuma ina wasa da bakin mayafi, ina cewa a raina, wannan bawan Allah ni yake nema ko mai gadin sito?

Goggo Adama, ƙanwar Baba, ita ta ɗauki maganar a ka. A zamaninmu ba waya, amma wanda ke da Goggo Adama ba ya bukatarta.

"Ke wace irin yarinya ce? Mota har ƙofar gida! Mu a kan jaki aka kai mu, kuma muna murna."

Inna kuwa, in ta ji ƙarar Fijo sai ta ɗaga kai ta dubi bunun ɗakinta. Baba ne ya kira ni wata safiya yana gyara ƙotar lauje.

"Ban yi maki dole, ɗiyata. Amma Alhaji aminina ne, ban son in riƙa yi mashi kwana-kwana. Kafin a gama yankan dawa ki ba ni amsa."

Na ce to. Dawa kuwa ta riga ta yi ja.

Ana cikin haka bikin Hajaratu ya matso, ɗiyar kawuna kuma aminiyata, za a kai ta Damari. Ran kasuwar Yankara ni da ita muka bi Goggo Adama sayen kwanuka da atamfa. Na ci ado da zanena mai ganyen kuka, da ɗankwali ruwan ƙwai, da takalmin roba sabo fil. Muna tsaye wajen masu tumatir Goggo na ta ciniki, sai muka ji ihu daga bakin kara, inda ake loda shanu a mota.

"Sa ya ƙwace! Ku kauce!"

Kasuwa ta dare biyu.  Na ja baya, na yi tuntuɓe da kwando, na zauna daɓas cikin tumatir. Ga bajimin sa ja yana tahowa, igiya na jan ƙasa a bayanshi. Sai wani mutum ya diro daga kan babur tun bai gama tsayawa ba, kanshi cikin hular kwano, idonshi cikin ƙaton tabarau. Ya taka igiyar, ya sunkuya ya cafke ta, ya zagaya da ita jikin wata bishiyar bedi, sai ga sa ya tsaya cak yana huci. Masu shanu suka iso. Shi kuwa bai tsaya karɓar godiya ba. Ya juya ya koma wajen babur ɗinshi, ya tayar, ya bi hanyar Funtuwa.

Wannan 'yar tafiyar, daga bedi zuwa babur, ita ce kawai abin da na samu.

Hajaratu ta kama ni tana kuka. "Suwaiba, kin ji ciwo? Ki yi magana!"

"Yi shiru. Don Allah kar ki ce mani komai."

Ina ji tana tsiyayewa daga idona. Da farko duk ina ganinta: yadda ya karkaɗe hannu, yadda ya juya wuya, har da wani abu da ya yi da gwiwa. Mai tumatir ta fara masifa, na dube ta, abin gwiwar ya tafi. Goggo ta jijjiga ni, na wuyan ya bi shi. Sai na fizge na ruga bayan wata rumfar hatsi, zanena jage-jage da ruwan tumatir, na runtse ido na taka. Kafaɗar hagu a sauke, kamar mai ɗauke da galmar da ba a gani. Diddigen dama yana fita waje kaɗan, kamar mai kakkaɓe laka. Su biyun nan na tsira da su. Na yi ta maimaitawa har na ji sun zauna.

A mota muna komowa, Hajaratu ta ce, "Mai shuɗiyar rigar nan jarumi ne."

Goggo ta ce, "Shuɗiya ina? Toka-toka ce."

Suka juyo gare ni. Wallahi ko launi ɗaya ban riƙe ba. Da za a ce tsirara yake da hular kwano, ba ni da hujjar musu.

Kar ku tambaye ni yadda mutum ke son wanda bai ga fuskarshi ba. Ni ma na tambayi kaina. Abin da na sani, in na je ɗebo ruwa sai in tsinci kafaɗata ta hagu a sauke. Wata rana Inna ta fito daga madafa ta tarar da ni ina ratsa tsakar gida haka.

"Innalillahi! Suwaiba, me ya samu ƙafarki? Ko iska ce?"

Dada na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Ƙyale ta. Wagga ba iska ba ce, tahiyar namiji ce. Ke ja'ira, wane ne ya ƙwace mani kishiyata?"

Na rufe fuska na gudu ɗaka. Mamuda ya zo ran nan da la'asar ya ba ni labarin rodin gini.

Aka ɗaura auren Hajaratu, muka raka ta Damari. Washegari da hantsi ɗakin amarya ya cika da mata, ga jeren kwanuka har rufi, ga ƙamshin turaren wuta, ga masa da miyar taushe ana ta ci. Hajaratu, amaryar da ya kamata ta sunkuyar da kai, ita ta tona mani asiri.

"Ku sa Suwaiba ta yi maku tafiyar mutane."

Na ƙi, aka matsa. Na yi ta Goggo Adama in za ta kai tsegumi, mata suka kwashe da dariya, har ita Goggon. Na yi ta Mamuda bisa takalminshi, yana taka ƙasa kamar mai tsoron kar ta fashe. Wata ta ƙware da masa.

"Saura ta mai babur," in ji Hajaratu daga cikin lulluɓi.

Na harare ta, amma na tashi. Na sauke kafaɗa, na taka daga bakin gado zuwa ƙofa. Ban kai ga juyowa ba wata tsohuwa, Baba Mero, gwaggon ango, ta buga cinya ta saki guɗa.

"La ilaha illallahu! Wagga ai tahiyar gidan Malam Gide ce! Ke ɗiyar nan, ina kika san su?"

 Hajaratu ta yaye lulluɓi ta zayyana mata labarin sa tun daga farko.

"To ai sai ki zaɓa," in ji Baba Mero tana share hawayen dariya. "Su biyu ne, Almu da Rabo, kuma duk haka suke tahiya, wajen ubansu suka ɗauko. Babur ɗin na Rabo ne, shi malamin gona ne. Amma kama sa aikin Almu ne, shi ke fataucin shanu, kuma kullum shina aron babur ɗin ƙanen."

Wata daga gefe ta ce, "In Almu ne kin makara, yarinya. An sa ranarshi, bayan kaka za a ɗaura."

Masar da ke hannuna ta koma kamar ƙasa. Jama'a, ashe gara lokacin da ban san kowa ba.

Bayan azahar abokan ango suka zo gaida amarya. Na laɓe bayan zana ina leƙe. Sai ga su sun shigo tare, dogaye, baƙaƙe, kafaɗar hagu a sauke, diddigen dama na fita waje. Na dubi wannan, na dubi wancan. Na yi ta laluben abin wuyan nan da na gwiwa da suka zube mani a Yankara, ko ɗaya bai dawo ba. Abin da na adana duk su biyun suna da shi.

Baba Mero kuwa ba ta san rufi ba. Ta jawo ni daga bayan zana ta tsayar a tsakar gida.

"Ku 'ya'yan Gide, wane ne cikinku ya kama sa a Yankara? Ga wadda ta faɗa cikin tumatir ta biyo sawu."

Na so ƙasa ta tsage. Babban, Almu, mai fara'a da wushirya, ya dafa ƙirji.

"Ni ne mana, Baba. Wa ke kama sa a gidanmu in ba ni ba?"

Ƙaramin, Rabo, yana gefe. Kallona kawai yake, ba fuskata ba, hannuna. Can ya sunkuya ya cire takalminshi ɗaya. Ya ɗaga shi sama da hannun dama, ya kare fuska da gwiwar hannun hagu, ya karkata kai gefe yana girgiza takalmin kamar mai korar kaza.

Hajaratu ta fasa ihu daga ƙofar ɗaki. "Wallahi haka ta yi! Tana zaune cikin tumatir ta ɗaga wa sa takalmin roba!"

"Ni? Yaushe?"

"Ke dai! Na ma manta sai yanzu."

Ni ban san na yi ba, har yau ban tuna ba. Gida ya kaure da dariya, Almu har da riƙe ciki yana cewa, "Na janye, na janye, ran nan ina Gusau." Rabo ya mayar da takalminshi, ya matso kaɗan, muryarshi ƙasa-ƙasa.

"Ki yi haƙuri. Tabarau ɗin duk ƙura ce, ban ga fuskarki ba. Wannan hannun kawai na gani. Kafin in kai Sheme na ji yana ɓace mani, sai na tsaya bakin hanya na cire takalmi na gwada, kar in manta. Wani mai jaki ya tsaya yana yi mani addu'ar samun sauƙi."

Na ce, ina kallon ƙasa, "Me ya sa ba ka tsaya ba?"

"Taron manoma nake sauri, a kan takin zamani. Da na dawo kasuwa ta watse. Na tambayi mai tumatir, ta ce in na gan ki in ce ki biya ta kwandonta."

Dariya ta kuɓuce mani. Ran nan na fara ganin haƙoranshi.

Ba a yi sati ba babur ya tsaya ƙofar gidanmu a Ketare. Rabo ya zo da kawunshi, suka gaida Baba, ya bi shi gona ya duba mashi dawar da tsutsa ta taɓa. Ni kuma na aika amsata ta bakin Dada, don ba zan iya haɗa ido da Baba ba. Goggo Adama ta yi ta sallallami.

"Fijo za ki bari ki hau babur? Ranar ruwa fa?"

Dada ta ce, "Ranar ruwa ta jiƙe. Ke da aka kai kan jaki kin narke?"

Inna ta dubi bununta, ta dube ni, ta yi murmushi ta ce Allah ya sa alheri.  Washegari Baba ya sa babbar rigarshi ta Sallah ya tafi Ƙanƙara. Na wuni ban iya sa ko zare a allura ba. Abotar shekara da shekaru ce zai je ya taɓa saboda ni.

Da la'asar sai ga ƙarar Fijo. Na leƙa. Mamuda ke tuƙi, Baba a baya, kusa da shi Alhaji Barau da kanshi, fuska a murtuke. Suka shigo har tsakar gida, Inna ta shimfiɗa tabarma.

"Ina ɗiyar?" in ji Alhaji. "A kira mani ita."

Na zo na durƙusa nesa.

"Suwaibatu, maganar aure mun gama da ubanki, ba ita ta kawo ni ba. Labari ya iske ni har Ƙanƙara, wai a Damari kin tashi gaban mata kin yi tahiyar ɗana. Haka ne?"

Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Goggo Adama ta sulale bayan rumbu, nan na gane ta inda labarin ya bi.

"Haka ne, Alhaji. A yi haƙuri."

"Tashi ki yi in gani."

Na miƙe. Na nemi tafiyar a jikina, tsoro ya kore ta, ba ko alama.

"Alhaji, ta gudu. Sai dai in ya taka na gani yanzu."

Alhaji ya juya. "Kai, Mamuda, taka daga nan zuwa turken awaki."

"Haba Alhaji!"

"Taka na ce."

Bawan Allah ya taka. Gwiwa ba ta lanƙwasa, hannu a ɗan buɗe kamar mai bin gadar kara, wando na share kashin awaki. Kafin ya juyo na bi bayanshi, tun da zafinta.  Sai na ji wani sauti kamar an buɗe tulu. Alhaji Barau ne. Dariya ta kama shi har hularshi ta faɗi, yana dukan kafaɗar Baba.

"Ɗanliti, ka gani? Tun da ya sayo takalman nan nake ce mashi kamar zalɓe a fadama, ya ƙi ji!"

Baba ya ɓoye baki cikin hannun riga, kafaɗunshi na rawa. Dada ta ce a sake, ba ta gani da kyau ba. Mamuda ya tsaya jikin turke, ya dubi ƙafafunshi, shi ma ya fashe.

Da Alhaji ya nutsu ya goge ido ya ce, "Na ji zafi da safe, ban ɓoye maku. Amma ɗiyar Ɗanliti ɗiyata ce, ko wa ta aura. Ranar kai amarya, motar nan ita za ta kai ki Damari. Malamin gona ya bi bayanku da babur ɗinshi."

Inna ta saki guɗa, abin da ban taɓa ji ta yi ba. Goggo Adama ta fito daga bayan rumbu tana cewa ai ita dama tun farko yaron ya kwanta mata.

Dattawa suka fita salla. Na ɗauki buta zan kai zaure, sai na tarar da Mamuda tsaye shi kaɗai, takalman a hannunshi, ƙafa a ƙasa. Ashe gajere ne. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ni ke da godiya, Suwaibatu. Kin san me ya sa nake maki hirar siminti? Addu'a nake ki gaji ki ce ba ki so. Alhaji ne ya turo ni, ni kuma ban iya ce mashi a'a."

Na saki baki. "To kai wa kake so?"

Ya leƙa waje, ya ga dattawan sun yi nisa, ya rage murya.

"Wata ce a Kaduna, ma'aikaciyar jinya. Yau na ga kin sa Alhaji dariyar da ban taɓa sa shi ba. Ki taimake ni, ke da Dada, ku faɗa mashi."

"Ai wannan mai sauƙi ne. Ɗiyar wane ce? Ya sunanta?"

Ya matse takalman a ƙirji.

"Sunanta Alheri. Ubanta shi ke wa'azi a cocin unguwarsu."

Butar ta suɓuce daga hannuna, ruwa ya malale mana ƙafa. Daga waje muka ji muryar Alhaji Barau, har yanzu da sauran dariya a cikinta, yana kira, "Mamuda! Me kake yi ne? Zo ka ja mu salla!"